Kwamfutata Tsakanin Baba da Abokinsa

Shekarar da na fara aikin malamar gona na sayi kwamfuta 'yar tafi-da-gidanka. Ta hannu ce, wani ya more ta a wata ƙasa kafin ta iso kasuwar Zariya, har wasu haruffan sun goge saboda dannawa. Lokacin ban yi aure ba, ina gidanmu a Funtua. Aikina zagaya ƙauyuka ne ta wajen Dandume da Malumfashi, in tara mata mu yi maganar ajiyar masara da waken suya, da yadda za a hana ƙwari cinye wa mutum wahalar damina a cikin buhu. Na lura in da baki kawai nake bayani hamma ke yawa, amma in na nuna hoton ƙwaro ya cika fuskar kwamfuta, da ƙafafunsa da komai, har masu goyo sai sun matso.

Ban san gardama na sayo wa gidanmu ba.

Babanmu ya yi aiki a kamfanin gurzar auduga tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai. Mai kula da injuna ne. Shi ke fara shiga, shi ke ƙarshen fita, kuma ba ya fita sai ya bi kowane inji ya ga ya tsaya cak. Da ya yi ritaya sai ya dawo da aikin gida. In ya gama jin labarai ba kashe rediyo kawai yake yi ba, sai ya zare batir ya jera a kan taga. Tocila ma haka. Ko babu wuta sai ya bi soket yana kashewa. Firij ne kaɗai ya gagare shi, shi ma don Umma ta ce duk ranar da kunun ayarta ya lalace shi zai shanye.

Ni kuwa in na gama aiki rufe murfin kawai nake yi, in bar ta a kan tebur a falo. Tana da wata 'yar fitila fara a gefe, in an rufe ta sai ta riƙa haskawa tana disashewa a hankali. Wata safiya Baba ya dawo daga masallaci, gari bai gama wayewa ba, ya hango hasken nan. Ina tsakar gida na ji kira.

"Ke, zo nan. Mene ne wannan?"

"Kwamfuta ce, Baba."

"Na san ba tukunya ba ce. Me ya sa take ƙifta mini ido?"

"Barci take yi."

Ya dube ni, ya dube ta. "Inji ne ke barci?"

Na durƙusa na yi masa bayani. Na ce hanya biyu ce: ko a kashe ta gaba ɗaya, da safe sai an jira ta tashi ta tattaro hankalinta, ko a rufe murfin kawai, in an buɗe ta ci gaba daga inda aka tsaya.

"Wato tun jiya wuta na yawo a cikinta muna kwance."

"'Yar kaɗan ce, Baba."

"A kamfani 'yar kaɗan ɗin muke tsoro. Kin taɓa ganin auduga ta kama?"

Ban taɓa gani ba. Na kashe ta a gabansa, ya tsaya har fitilar ta mutu, ya ƙara tsayawa kaɗan ko za ta yaudare shi, sannan ya wuce ɗaki.

Da a nan maganar ta ƙare, in ba don Baba mai kanti ba.

Baba mai kanti Bayarabe ne, Kirista, iyayensa suka zo Funtua a jirgin ƙasa, a nan aka haife shi. Hausar bakinsa ta fi tawa, don ni boko ya gauraya mini tawa. Kayan babur da na janareta yake sayarwa a bakin layinmu. Akwai benci a ƙofar kantin, nan shi da Baba ke zama daga la'asar zuwa magariba tun kafin a haife ni. Baba na kiransa Oga, shi kuma yana kiran Baba Injiniya, ko da yake ya fi kowa sanin Baba ba shi da takardar injiniya. Ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba. In ɗaya ya ce hadarin nan zai zubar, ɗayan zai ce iska ce kawai. In ruwan ya sauko sai su shige kanti su ci gaba da gardama a kan ko zai daɗe.

Yana da wata tsohuwar mota Fijo da yake tayarwa kowace safiya ta yi ɗumi, ko da babu inda za shi. A wurinsa inji ba ya son sanyi.

Ranar da yamma ina dawowa daga ofis, jaka a kafaɗa, suka tsayar da ni.

"Malama 'yata," in ji Baba mai kanti, "fito mana da majinyaciyar mu duba ta."

Na gaishe su, na fito da ita na ɗora a bencin tsakaninsu.

"Injiniya ya ce ya sa kin kashe ta."

"Haka ne, Baba."

"Kin ga ɓarna. Ba aiki ke kashe inji ba, tashi ne. Shekara nawa ina sayar da kayan janareta? Duk wanda ya zo mini da kuka, a wajen tayarwa abinsa ya lalace. Abu ya yi sanyi ƙalau, ka zo ka finciko shi."

"Janareta ka gani a nan?" in ji Baba. "Ina igiyar ja?"

"Kai kuma auduga ka gani? Ina angurya?"

Baba ya sa bayan hannu ya taɓa ƙasanta, kamar mai duba zazzaɓin yaro. "Ka ji da ɗumi."

"Injiniya, bencin ma da ɗumi. Ni ma taɓa ni ka ji."

Suka sa na kashe ta na kunna, suna kallon agogon hannun Baba mai kanti. Sannan na rufe na buɗe. Ta barci ta fi saurin tashi, babu ko tantama. Baba mai kanti ya buga cinya. Baba ya ce ai shi bai taɓa cewa ba ta fi sauri ba, kuma wanda ya kwana da takalmi a ƙafa ma ya fi kowa saurin fita, amma ba wanda ke kiransa mai hankali.

Na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai na tambayi wani abokin aikinmu da ke kula da kwamfutocin ofis. Ya ce duka biyun babu laifi. In za a dawo kanta nan kusa a bar ta ta yi barci, amma lokaci-lokaci a riƙa kashe ta ta wartsake, musamman in za a sa ta a jaka a yi tafiya mai nisa. Na kawo musu wannan amsa ina murna na kawo sulhu.

"Ka ji," in ji Baba. "Ya ce a kashe."

"Ya ce lokaci-lokaci. Kai kullum ka ce."

"Yaro ne, kunya ya ji."

Ba a jima ba Baba ya samu ranarsa. Ina da taro da mata a wani ƙauye bayan Dandume. Na yi sauri da safe, na rufe murfin na jefa ta a jaka na hau babur. Hanyar duk ramuka, ga laka. Ashe a cikin jijjigar nan ta farka, ta yi ta aiki ita kaɗai a cikin jaka. Ko da na isa, mata sun cika tabarmi a gindin mangwaro, na zura hannu na ji ta kamar an sauke ta daga kan murhu. Na danna, shiru. Batir ya ƙare. A ƙasa na zana ƙwaron da tsinke. Wata tsohuwa ta leƙa ta ce ita dai kunkuru ta gani, kuma kunkuru bai taɓa cin mata masara ba.

Kuskuren da na yi shi ne ba Umma labarin a gaban Baba. Ko abincinsa bai ƙarasa ba ya zura takalmi. Ta taga na hango shi yana sauri zuwa bakin layi, babbar riga na tashi, mutumin da kullum yake kukan ciwon baya.

Baba mai kanti ya haɗiye wannan, ya jira tasa ranar. Ita ma ta zo. Tun abin da ya faru a Dandume na koma kashe ta kullum. Wata safiya za mu Malumfashi da motar ofis, ina buƙatar tura wani rahoto kafin mu tashi. Na kunna ta, sai ta ce gyara kanta take yi, kada a kashe ta, a jira. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskarta. Na yi wanka na fito, yana juyawa. Na karya, yana juyawa. Direba ya kira ya gaji, suka tafi suka bar ni. Da ta ga dama ta tashi, na fito da gudu neman bas, Baba mai kanti na ƙofar kanti yana ɗuma Fijo.

"Lafiya, Malama?"

Na faɗa masa a tsaye.

"Allah Sarki," ya ce, fuskarsa cike da farin ciki. "Shigo in kai ki tasha. Injiniya na gida?"

Ya kai ni tasha, ya juyo kai tsaye gidanmu. Umma ta ce ranar har shayi ya sha kofi biyu, don kawai ya daɗe.

Umma ce ta gaji. Ta ce yarinya ta sayi abinta don aiki, tsofaffi biyu sun mayar da ita kamar gonar gado. Ta aika aka kira su zaure, ta tsaya daga bayan ƙofa ta yanke hukunci: sauran ranaku kwamfuta ta yi barci, daren Juma'a a kashe ta, haka in za a yi tafiya. Baba ya ce ya yarda, tunda ranar da aka ba shi ta fi kowace rana. Baba mai kanti ya ce shi fa bai ga dalilin da kwamfuta za ta huta ranar Juma'a ta yi aiki ranar Lahadi ba.

"Oga," in ji Baba, "kai ne fa mai cewa kada a kashe."

"Ban ce a kashe ba. Amma in dai za a kashe, a yi adalci."

Haka kwamfutata ta zama mai kiyaye ranakun ibada biyu. Abokan aikina da na ba su labari suka ce ta fi yawancinmu.

Bayan wani lokaci matar Baba mai kanti ta rasu. Mace ce mai kirki, ita ta koya wa Umma alale irin na ganye. Daga nan ya fara tsufa da sauri, gwiwoyi suka riƙe. 'Ya'yansa duk suna Ibadan, suka zo suka ce ba za su bar shi shi kaɗai ba. Ya yi gardama, wannan karon ba a bar shi ya ci ba. Aka ba wani hayar kantin, aka sayar da Fijo. Ranar tafiya Baba bai raka shi tasha ba, wai bayansa ya tashi. Ya zauna a zaure ya kunna rediyo, aka gama labarai aka shiga waƙoƙi, bai kashe ba.

Bai ƙara zama a bakin layi ba. In la'asar ta yi sai ya riƙa zagaya gida yana neman abin gyara. Ya kwance injin markaɗen Umma da lafiyarsa ƙalau, ya mayar, aka samu rarar ƙusa.

A lokacin ake shirin bikina, zan koma Malumfashi, ofis kuma sun ba ni wata kwamfutar. Na yi magana da babban ɗan Baba mai kanti, muka shirya tsofaffin su riƙa ganin juna ta kiran bidiyo. A waya Baba ba ya gani sosai, don haka na bar masa tsohuwar kwamfutar, na haɗa ta da intanet. Na zaunar da shi na koya masa: a danna nan a jira, a kai 'yar kibiyar nan can, a buɗe wannan, a nemo hoton Oga, a danna koren nan. Yatsunsa manya ne, sun saba da sifana. In ya taɓa wurin sai kibiyar ta ruga ta ɓuya a lungu.

"Na gane," ya ce. "Ba wani abu ba ne. Ki tafi gidan mijinki."

Da na zo ganin gida na farko, na shiga falo na ga hular Baba a kife a gefen kwamfuta. Na ɗaga. 'Yar fitilar nan tana haskawa tana disashewa abinta. Na nemi Umma a madafa.

"Ai tun makon da kika tafi," ta ce tana dariya ƙasa-ƙasa. "Ya kashe ta ranar farko, washegari ya wuni yana neman Oga bai same shi ba. Sai da ɗan maƙwabta ya zo ya nemo masa. Tun daga nan rufewa kawai yake yi, in ya buɗe ga mutuminsa nan a inda ya bar shi. Hasken ne ba ya son gani, shi ne yake kifa mata hula."

"Har daren Juma'a?"

"Har Lahadi."

Da la'asar ya yi shiri, ya sa riga mai kyau, ya zauna gaban tebur ya ɗauke hular kamar ba komai. Fuskar Baba mai kanti ta fito, ya rame, yana kan wata kujera mai laushi da ta kusa haɗiye shi. Ya gan ni ya yi murna, ya tambayi angona da mutanen Malumfashi. Sannan ya juya kan Baba.

"Injiniya, ka kashe ta jiya?"

"Ka san halina," in ji Baba.

Umma na wucewa da faranti. Ko tsayawa ba ta yi ba. "Oga, hula yake kifa mata."

Dariyar da Baba mai kanti ya yi har sai da jikarsa ta leƙo ta ga ko lafiya. Ya yi tari, ya share ido, ya sake fashewa. Baba ya ce wannan dabara ce ta wucin gadi, ra'ayinsa na nan bai canja ba, kuma a gidan nan ba a iya riƙe sirri.

Da dariyar ta lafa sai hirar ta yi sanyi. Baba mai kanti ya ce yaran suna kula da shi, babu abin da ya rasa. Amma in ya fita ƙofar gida babu wanda ya san shi. In ya yi Yarabanci sai a ce bakinsa na Hausawa ne, unguwar duk Baba Hausa suke kiransa. Ya ce akwai wani mai sayar da albasa a kasuwa, mutumin Bakori, wurinsa yake sa a kai shi don kawai su gaisa, har albasa ta yi wa gidan yawa. Kuma duk abin da ya faɗa a gida sai a ce haka ne, Baba.

"Ka ji bala'i," in ji shi. "Ko na ce rana daga yamma take fitowa, haka ne, Baba."

Baba ya gyara zaman hularsa a gwiwa.

Da kaka, ana tsakiyar cire masara, Umma ta kira ni a waya ta ce in zo yanzu, ba lafiya lau ba kuma ba rashin lafiya ba. Na hau bas daga Malumfashi. Ina shiga zaure na ga Baba mai kanti zaune a kan tabarmar Baba, ƙafa a miƙe, kwanon tuwon masara miyar kuka a gabansa, ga wata 'yar jaka a gefe. Ashe ya ce wa mutanen gida can Ibadan za shi wurin mai albasa, ya wuce tasha. Mai albasar ne ma ya sa shi a mota.

Wayata ta fara ƙara tun ban zauna ba. Babban ɗan Baba mai kanti ne, ya ce sun kwana suna nema. Na ce ya kwantar da hankali, ga shi nan yana cin tuwo. Ya ce gobe zai taso ya ɗauke shi. Baba ya miƙo hannu na ba shi wayar.

"Ɗana," ya ce, "ka yi haƙuri, ubanka bai kyauta ba, kuma na faɗa masa. Amma ka bar mini shi zuwa Kirsimeti. Ga ɗaki nan babu kowa. Maganin gwiwarsa ni zan riƙa ba shi da hannuna. Coci kuma ga Keke Napep, ya san hanya."

Aka yi ta magana, daga ƙarshe yaron ya yarda. Baba mai kanti bai ɗago kai ba duk tsawon lokacin, sai da aka kashe wayar ya ce miyar ta yi daɗi amma gishiri ya ɗan yi kaɗan. Baba ya ce gishiri daidai yake. Suka fara.

Kirsimetin ta zo, 'ya'yan suka zo da jikoki, suka ci shinkafa, suka koma ba tare da shi ba. Daga baya mai hayar kantin ya ba shi ɗakin baya, ya koma can, an fito da bencin an goge.

Kwamfutar kuwa babu wanda ya sake bi ta kanta cikin su biyun. Umma ce ta gaje ta, tana kallon wa'azi da masu koyar da girki. Ita ba ta kashewa, ba ta kuma rufe murfin. Kallo take yi har batir ya ƙare da kansa, fuskar ta yi baƙi ana tsakiyar magana, sai ta ce to, ta tashi ta ɗora tukunya. Su biyun sun sha ganin haka. Har yau babu wanda ya ce mata uffan.